Babi na 7: Gyaran Ɗaki, Tsohon Jere da Sabon Ado

Iyayena da 'yan uwana, wannan babi na gyaran ɗaki ne. Ba a ce kowa ta kwashe kwalla da samira da fantekar da aka yi mata jere da su ta zubar ba. Tabarma, faifai, ƙwarya da tumtum na jar fatar Sakkwato duk suna nan daram. Bango za mu gyara, mu sake wa kaya wurin zama, mu ƙara labule da haske. Kowa ya zo aji da abu uku: tef ɗin awo, fensir, da littafin rubutu.

Darasi na 1: Awo

Ɗauki tef ɗin tela ki shimfiɗa shi a kan tabarma. Fuska biyu gare shi. A fuska ɗaya lambobin sun yi nesa da juna, tazararsu kamar gaɓar babban yatsa, kuma suna ƙarewa a 60. Wannan ita ce fuskar inci. A ɗaya fuskar lambobin sun matsu, suna kaiwa 150. Wannan santimita ce. A wannan babi da inci kaɗai za mu yi aiki. Ki sa ɗan ɗigon biro a fuskar inci don kada ki juya tef ki ɓata.

Inci 12 shi ne ƙafa 1. Ƙafa 3 ita ce yadi 1, wato inci 36 ke nan. Ku karanta wannan da ƙarfi sau uku, sannan ku kwafe shi a shafin farko na littafinku.

Awo daga bakin tef yake farawa, inda ɗan ƙarfen yake. Ba daga lamba 1 ake farawa ba. Mutane da yawa suna ɗora lamba 1 a kusurwar ɗaki, sai awon ya ƙaru da inci ɗaya a banza. Bakin tef, can ƙarshe, shi za ki danna a kusurwa. Wani ya riƙe miki, ke ki ja. Tef ɗin tela ƙafa 5 ne kacal, ba zai kai ƙarshen ɗaki ba. In ya ƙare, ki yi alama da fensir a bango, ki dawo da bakin tef kan alamar, ki ci gaba. Kowane ja ɗaya ki yi kara ɗaya a littafi. Kara biyu da ragowar inci 24 ya zama ƙafa 12.

Yanzu rubutu. Kada ki ce za ki riƙe a ka. Kafin a kai Babbar Kasuwar Sakkwato daga unguwar Mabera ko Gidan Igwai, an gaisa da mutum goma, lamba ta gudu. Ki rubuta haka:

Tsawon ɗaki: ƙafa 12
Faɗin ɗaki: ƙafa 12
Tsayin bango: ƙafa 10
Taga: faɗi ƙafa 4, tsayi ƙafa 4

Ku dubi 12 da kyau. 1 ce a gaba, 2 na biye. In aka juya su sun zama 21, mai shago kuwa abin da ya gani zai yanka. Wannan ba abin kunya ba ne, hannu ne bai saba ba tukuna, kuma zai saba. In kin gama, ki sake aunawa daga farko. In awo na biyu bai yi daidai da na farko ba, ki yi na uku.

Aikin gida: a auna ƙofar ɗaki sau biyu, a rubuta, a kawo aji.

Darasi na 2: Bango

Da farko ki san irin bangonki, don maganin ginin ƙasa daban, na bulo daban.

In ginin ƙasa ne da yaɓen ƙasa, kada a shafa masa fentin mai. Bangon ƙasa yana shan danshi da damina yana fitar da shi da rani. Fentin mai yana toshe shi, danshin ya taru a ciki, sai ki ga fenti ya kumbura ya ɓare da yaɓen gaba ɗaya. Farar ƙasa ita ce daidai da shi. A jiƙa ta a bokiti ta kwana, a jiƙa ƙaro cikin tafi ɗaya a wani kwano shi ma ya kwana, a tace da tsumma, a haɗa. Ƙaron ne ke hana farar ƙasa bin rigar wanda ya jingina. Kaurinta ya zama kamar koko mai ruwa-ruwa. In ta yi kauri kamar kunu, tsattsagewa za ta yi in ta bushe. A shafa sau biyu ko uku, siriri-siriri, ana barin kowane shafi ya bushe.

In bulo ne da filastan siminti, fentin ruwa za a saya. Sabon filasta sai ya yi mako 4 kafin fenti ya hau shi. Tsohon bango kuma a kankare duk inda fenti ya tashi, a cike ramukan ƙusa, a goge da sanfefa, a share ƙura da ɗanyen tsumma, a bar shi ya bushe. In kin ga farin gari kamar kanwa a gindin bango, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Ki duba bayan ɗakin, wataƙila indararo ne ke zuba a gindinsa ko makwarara ta toshe. Sai an gyara can fenti zai zauna a nan.

Nawa za a saya? Buɗe littafinki. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, yana cin kamar lita 10 a shafi biyu, wato rabin babban bokiti mai lita 20, ko galan 3 masu lita 4. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Wanda bai auna ba, ko dai fenti ya ƙare masa a bango na uku ya koma kasuwa ya tarar launin ya bambanta, ko ya sayi abin da zai daskare a bokiti. Shi ya sa muka ce a auna, a rubuta.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, ɗanyen fenti kama ta yake yi. A zafin watan Afrilu kuwa, da rana ta take fenti na bushewa tun yana kan burushi, ya bar layi-layi. A fara bayan sallar asuba, a tsaya kafin hantsi ya yi zafi.

Launi: bango uku su zama masu haske, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske. Bango ɗaya, wanda ido ke fara sauka a kai in an shigo, shi za a ba launi mai ƙarfi, kamar jan ƙasa ko shuɗin baba. Ɗaki ɗaya da launi huɗu ya zama rumfar biki. Mai son zanen dagi ta zana shi a kwali, ta yanke da reza, ta manna a bango, ta dangwala fenti da soso ba da yawa ba. Tsakanin dagi da dagi inci 12, kuma da tef za a auna, ba da ido ba.

Darasi na 3: Jere

Kwanuka hamsin a jibge har rufi, ƙura ce kawai ke jin daɗinsu. Ki zaɓi saiti biyu ko uku masu kyau, sauran a wanke a adana. Kafinta ya yanko katako mai faɗin inci 12, a yi kanta hawa uku. Kafin ki kira shi, ki auna kwallarki mafi tsayi tare da murfinta, ki ƙara inci 2. Wannan ce tazarar hawa da hawa. Har yanzu akwai masu zuwa wurin kafinta su buɗe hannu biyu su ce "kamar haka". Haba, Hajiya! Mako nawa muna maganar nan? Hannu ba tef ba ne. In kanta ta zo kwalla ta ƙi shiga, kada a zargi kafinta. Bakin tef a ƙasa, a ja zuwa kan murfi, a rubuta, a sake aunawa.

A bangon bulo, a huda da injin huji, a sa roba a ramin kafin a ɗaura noti, kuma a sa matokari kowace ƙafa 2, in ba haka ba katako zai lanƙwashe a tsakiya. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa mai ɗaukar nauyi. A nan sai kabad mai tsayawa da ƙafarsa, a janye shi inci 2 daga bango saboda gara. Manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama.

Faifai da ƙwarya mai zane ba su da nauyi. A ɗinka musu ɗan zare a baya, a rataye biyar ko bakwai a bangon nan mai launi. A fara shirya su a kan tabarma a ga yadda suka dace kafin a buga ƙusa ko ɗaya.

Darasi na 4: Labule da leda

Ƙarfen labule ya wuce taga da inci 6 a dama, inci 6 a hagu. Taga mai ƙafa 4, ƙarfenta ƙafa 5. Faɗin yadin ya ninka ƙarfen sau biyu, wato ƙafa 10, don ya yi tattara. Labule ya tsaya inci 1 sama da daɓe, kada ya riƙa share ƙasa.

Leda a yadi ake sayarwa. Ki tambayi faɗin naɗin kafin a yanka. In ƙafa 6 ne, ɗakinmu na 12 da 12 zai ci falle biyu masu yadi 4, jimla yadi 8. A ƙara rabin yadi. Kada a shimfiɗa ta a kan daɓe mai danshi ko mai tsakuwa. Wanda ya bar littafinsa a gida ya koma ya ɗauko.

Darasi na 5: Haske da tumtum

A sa ƙwan lantarki na zamani mai wat 9, ba ya zafi sosai. Mai haske ruwan ɗorawa ya fi fito da kyan fata da ƙwarya. In ɗakin yana da alkuki, a ajiye ƙaramar fitilar sola a ciki. Tumtum a cusa masa tsofaffin tsummoki har ya yi tauri, a nisanta shi da rana, a riƙa shafa masa man kaɗe kaɗan.

Darasi na 6

A auna ɗaki duka, a rubuta, a kawo littafi ranar Asabar.