Tagar da ta ƙi rufuwa, a gindin bango ake nemo ciwonta

Wani magidanci ya taɓa kirana unguwarsu a nan Kano in duba masa tagar ɗakin uwargida. Sau uku yana kawo mai walda, a yanke, a goge, a sake ɗaura ƙyauren, amma duk watan Agusta sai ta cije, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Idan rani ya yi kuma ta koma lafiya ƙalau kamar ba ita ba. Ban ko taɓa tagar ba. Na zagaya bayan ɗakin, sai ga indararo yana zuba daidai gindin bangon, ƙasar wurin har ta yi kwarmi. Na ce masa, Alhaji, tagarka ba ta da laifi, ƙasar da ke ƙarƙashinta ce take numfashi.

Haka ƙasar laka take. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke, ginin da ke kanta kuma yana binta sama da ƙasa. Mutanen Borno sun fi kowa sanin wannan, saboda baƙar ƙasar firki ta wajen Dikwa da Ngala. Mu a Kano namu ciwon shi ne gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, ko a fadama. Taga da ƙofa su ne raunin bango, shi ya sa tsagewa take fara leƙowa daga kusurwarsu.

Saboda haka kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, tsaya ka karanta tsagar. Wadda take siririya kamar gashi, ta bazu a fuskar filasta kamar yanar gizo-gizo, wannan ba ta wuce fata ba. Ko dai an cika siminti a kwaɓin, ko ba a ba shi ruwa ba ya bushe da gaggawa. Wadda za ta hana ka barci ita ce mai tashi daga kusurwar taga a karkace, ko mai bin layin bulo hawa-hawa kamar matakala, musamman in ka gan ta ciki ka kuma gan ta waje a wuri ɗaya. In ta fi faɗi a sama, ta tsuke a ƙasa, galibi gefe ɗaya na harsashin ne yake nutsewa.

Ga dabarar da nake yi, ba ta cin ko sisi. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. Sannan ka samu ɗan guntun gilashi ka manna shi a gicciye a kan tsagar, da ɗan siminti a kowane gefe. Ka bar shi wata 2 ko 3, in da hali ya ratsa damina. In gilashin ya fashe, ko tsagar ta wuce layin fensir, ginin yana motsi har yanzu, kuma duk abin da ka cusa a ciki asara ce. In tsagar ta haura milimita 5, ko bango ya yi ciki, ko daɓe ya rabu da bango, wannan ya fi ƙarfin cokalin magini irina. A nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya duba, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin in bangon ya fara karkata. Ban yarda da maginin da zai ce maka zai tone ƙarƙashin harsashi gaba ɗaya a rana ɗaya ya zuba kankare ba. Wannan aiki gaɓa-gaɓa ake yinsa, a tone kamar mita 1, a zuba, a jira ya kama, sannan a tsallaka wani wurin.

Amma yawancin gidajen da nake shiga ba su kai nan ba. Ruwa ne kawai ake bari yana kwana a gindin bango. Ka fita lokacin da ake tsaka da ruwa, da lema a hannu, ka zagaya gidanka ka ga inda yake taruwa. Indararo a sa masa bututu ya sauko har ƙasa, ya kai ruwan kwata. Ƙasar da ta yi kwarmi a cike ta da burji, a daddaɓe sosai. Sai a zuba daɓen kankare a zagaye bangon, faɗinsa daga santimita 60 zuwa mita 1, a karkata shi waje yadda ruwa zai gudu. Kwaɓin da nake yi: buhu 1 na siminti mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ka duba bututun banɗaki da sokawe ma, domin yoyon da ba a gani ya fi ruwan sama ɓarna, shi ba ya hutun rani. Darbejiyar da aka dasa jikin katanga don inuwa kuwa, na san raba mutum da ita sai an yi rigima, amma saiwarta tana tsotse laimar ƙasa a gefe ɗaya, tana kuma kutsawa ƙarƙashin gini.

Akwai kuma bangon da ƙasansa ke yin laima, fenti yana kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Sau da yawa an yi ta ciko ne a tsakar gida ko a titi har ƙasa ta haura layin ledar da aka shimfiɗa a kan harsashi don hana laima hawa bango. Ya kamata wannan layin ya ɗara ƙasar waje da kamar inci 6. Rage ƙasar, kankare ruɓaɓɓen filastan har ka wuce inda laimar ta tsaya, ka bar bulo ya sha iska makonni kafin a sake shafe shi. Manna tayil a kai rufe ido ne kawai, laimar sai ta hau sama ta ɓullo a bisan tayil ɗin.

In ka tabbatar tsagar ta tsaya, sai ɗinki. Buɗe ta da kurfi da guduma ta yi baki kamar kwari, share ƙurar, jiƙa wurin sosai. Kwaɓa siminti 1 da yashi mai laushi 3, ka danna shi ciki da bakin cokali. In babba ce, a sare filasta inci 6 kowane gefe, a kafa ragar waya, a shafe. Daga nan ruwa safe da yamma har kwana 7. A nan masu gida suke karya mana aiki, musamman da hunturu, lokacin da iska ke shanye siminti kafin ya kama.

Sai a dawo kan tagar kanta. Leƙa linta tukuna, wato kankaren da aka gicciya a bisan taga: ya kamata ta hau bango aƙalla inci 6 dama da hagu. Na sha tarar da linta da aka yi wa rowar rodi, ko ta tsaya daidai bakin taga, nauyin sama duk ya sauka a kan firam. Irin wannan sai an tokare an sake ta.

Tagar ƙarfe tsatsa ce ajalinta. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa filastan da ke riƙe da shi. Goge shi da burushin waya har ya yi haske, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan fentin mai. Ta alminiyan mai zamewa kuwa ƙurar hunturu ce ke cika mata hanya. A share da tsohon burushin haƙori, a goga kyandir. Kada a zuba baƙin mai, yana haɗuwa da ƙura ya zama taɓo. In har yanzu tana ja, tayoyin ƙasa ne suka cinye, kuma ana sayar da su daban, ba sai an canza taga ba. A ƙasan firam ɗin akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwa ya fita waje. Na ga masu fenti da yawa sun toshe su, sai ruwa ya riƙa gangarowa cikin ɗaki ana zargin gilashi. Tsinke kawai za ka sa ka buɗe su.

In ruwan ta tsakanin firam da bango yake shiga, cire tsohon abin da ke wurin, ka bari ya bushe ƙayau, ka bi shi da silikon daga waje. Dakalin taga ya karkata waje, a kuma ja ɗan layi a ƙarƙashin leɓensa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Firam na katako kuma ka ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. In ya yi ƙarar fanko, gara ta riga ka, sai a cire, a bi hanyarta har ƙasa a zuba magani kafin a kafa sabo.

Gidan Alhajin nan, bututu ɗaya muka sa wa indararo, muka zuba daɓe a bayan ɗakin a watan Nuwamba. Tsagar da ke bangon kuwa sai da muka bar ta ta ga wata daminar kafin na ɗinke ta.