Masu zuwa Umara, a kula da guzuri wurin ɗawafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Makka wuri ne mai alfarma, amma ɓarawo ba ya jin kunyar wuri. Sun fi yin ta'asa inda ake turereniya: kusa da Hajarul Aswad da bakin ƙofofin Harami bayan an idar da salla. Kana can ka ɗaga hannu kana addu'a, wani ya sa reza ya tsarge jakar da ka rataya a baya, ba ka da labari sai ka koma masauki.

Alhaji, tufafin harami ba su da aljihu, don haka sayi bel mai zif, ka juyo zif ɗin gaban cibiya, mayafi ya rufe shi. Hajiya, ƙaramar jaka a wuya, ƙarƙashin hijabi. Riyal 100 ya ishi mutum yini, sauran a kulle a akwati.

Idan wani ya tare ka da Hausa tsantsa, wai an yashe shi, taimaka masa da canjin da ke hannunka, amma kada ka buɗe bel a gabansa. Sau da yawa abokinsa na gefe yana kallon inda kuɗin suka fito.

In abin ya faru, lambar gaggawa a Makka 911 ce.