Ga sabon zuwa Ditroit: mai gidan haya da gayyatar bolin

Salamu alaikum 'yan'uwa sababbin zuwa birnin Ditroit na Amurka da kewaye. Layin waya da asusun banki ba za su hana ka barci ba, ka yi magana a masallaci ranar Juma'a, akwai mai raka ka. Mutanenmu ba sa barin baƙo a tasha, wannan kam abin alfahari ne. Rigar sanyi ka saya tun Oktoba.

Wahalar tana wajen neman muhalli. Mai gidan haya a nan ba ruwansa da rantsuwarka. Takardar albashi yake so, da tarihin biyan bashinka, da mutumin gari da zai ce ya san ka. Kai da ka sauka jiya, ina za ka samo su? Raina yana ɓaci in ga yaro ya miƙa dala a hannu babu rasit don kawai an yi masa fara'a. A dokar Mishigan, jihar da Ditroit take, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna ba ya wuce hayar wata ɗaya da rabi. Za a ba ka takardar duba gida, ka cike ta cikin kwana 7, ko tabo ne a bango ka rubuta, ka ɗauki hoto. In ka tashi, kana da kwana 4 ka ba mai gidan sabon adireshi a rubuce, shi kuma kwana 30 ya dawo da kuɗinka ko ya lissafa abin da ya cire. A gidana na farko an riƙe min kuɗi saboda tagar da na tarar a tsage, har yau abin yana yi min ciwo.

Wanda ya tsaya min a gida na biyu abokin aiki ne da muke buga bolin tare. Shi ya sa ba na jin daɗi in an gayyace ku kuna cewa wasan yara ne, wai babba ya tsaya gangara ƙwallo don kayar da 'yan sanduna goma. Baƙin da suka riga mu ta nan suka shiga gari. Jamusawa ne suka yaɗa wasan, aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa a New York a 1895, aka yi gasar farko a Shikago a 1901. Da masana'antun mota suka cika da ma'aikata, 'yan Polan suka mamaye Hamtramck, wani ƙaramin gari a cikin Ditroit, sai wasan ya zama majalisar leburori bayan tashi daga aiki. Masana'anta da coci kowa da 'yan wasansa, a nan ake jin inda ake ɗaukar aiki da inda ake da ɗakin haya. Yara ne ke jera sandunan da hannu kafin injin ya zo. Gidan bolin na Garden Bowl da ke titin Woodward tun 1913 ake wasa a cikinsa, ka je ka gani.

Mu baƙar fata ba a sauƙaƙe aka buɗe mana ƙofar ba. Ƙungiyar ƙasar ta keɓe shigarta ga fararen maza har 1950. Baƙaƙen Amurka ba su zauna jira ba, a nan Ditroit suka kafa tasu a 1939. Ƙanena, filin da ake gayyatar ka yau, sai da wasu suka sha wulaƙanci a kansa.

Gaskiya ne ana sayar da giya a yawancin wuraren, domin tun asali a jikin mashaya aka fara gina su. Ka sayi lemonka, ba mai tilasta maka. In an zo tara kuɗin caca ka ce ba ka yi, za su mutunta ka. Takalmi a can ake haya, sai ka tafi da safa. In ana tsara ranakun wasa, ka faɗa musu lokacin sallarka tun farko.