In likita ya ce "ki ba shi lokaci, zai yi magana"

Likitan da ke duba yara a asibitin gwamnati a nan Kumasi yana da dogon layi a bakin ƙofarsa, kuma mintunan da zai ba ki ba su da yawa. Idonsa ya saba da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da tari, da ƙarancin jini. To ga ki kin shigo masa da yaro ɓul-ɓul, jiki ba zafi, yana guje-guje a ɗakin, kina cewa ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Amsar da za ki ji na san ta tun kafin ki faɗa min: "Madam, yaronki lafiyarsa ƙalau. Maza ba sa saurin magana. Ki ba shi lokaci." An faɗa min haka a kan ɗana, wanda daga baya aka tabbatar yana da otizim, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, wadda wasu ke kira galahanga. An faɗa wa mata da yawa daga unguwar Aboabo zuwa Sawaba, sun koma gida da ruwan farasitamol da zuciya mai nauyi.

'Yar'uwa, burinki a wannan ɗaki guda ɗaya ne: ki fito da abu a rubuce. Ko takardar gwajin ji, ko takardar tura ki wurin likitan yara, ko ranar dawowa da aka sa a fayil tare da dalilinta. Maganar baki takan ƙare a bakin ƙofa, amma takarda za ta bi yaron zuwa wurin likita na gaba.

Shirin daga gida yake farawa, kuma babban makaminki wayar da ke hannunki. Yaro mai otizim ba ya nuna halinsa a cikin minti biyar a baƙon ɗaki. Wani zai lafe a bayanki shiru, likita ya ce ai kunya ce. Saboda haka ki ɗauki bidiyo gajeru a gida, kowanne kada ya wuce minti ɗaya. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa da muryar da kika saba, a ga ko zai waiwayo. Ki nuna masa abu da yatsa, kamar akuya a ƙofar gida, a ga ko idonsa zai bi yatsanki. Ki ɗauke shi yana wasa shi kaɗai: yana jera murafen kwalba a layi ne, yana juya tayar motar roba ba ya gajiya, yana karkaɗa hannu, yana tafiya a kan yatsun ƙafa? Ki ɗauki lokacin da ƙarar injin markaɗe ko lasifikar biki ta sa ya toshe kunne yana ihu. Bidiyo uku masu kyau sun isa. Kada ki tsaya lalube a waya a gaban likita, ki ware su wuri guda tun da dare.

Sannan ki ɗauko littafin awo, wanda nas-nas ke cikewa duk wata, ki haɗa da takarda guda da kika rubuta abin da kika gani tare da shekarun yaron a lokacin. In rubutun boko bai zauna miki ba, ki sa 'yarki ko ƙaninki ya rubuta, ke ki faɗa. Nan ne wurin da na fi so ki daɗe. "Yaron nan ba daidai yake ba" gaskiya ce, amma likita ba shi da inda zai kama ta. Ki ba shi abin da zai auna. Likitoci suna da alamomin da aka koya musu kada su yi wasa da su: jaririn da ya cika wata 12 ba ya gwarancin jarirai, ba ya nuni da yatsa ko ɗaga hannu, yaron da ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, wanda ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu da kansa ba, da kuma, a kowane shekaru, yaron da ya iya abu sannan ya rasa shi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. In ɗanki yana cewa "Mama" da "ruwa" a da, yanzu ya daina, da wannan za ki buɗe magana, kafin komai. Ki ce: "Dokta, yana da kalmomi a wata goma sha biyar, yanzu babu ko ɗaya." Likitan da ya san aikinsa zai ajiye biro ya dube ki.

Akwai kuma takardar tambayoyi da ake kira M-CHAT-R, tambaya 20 ce ta e ko a'a, an tsara ta domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma tana nan a intanet kyauta. Ba ta yanke hukunci cewa yaro na da otizim, tana nuna ko ya kamata a zurfafa bincike ne kawai. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar a yi wa kowane yaro irin wannan tantancewa a wata 18 da wata 24. In ɗanki yana cikin waɗannan shekaru, ki cike ta ki je da ita.

Kada ki je ke kaɗai. Mutum ɗaya zai riƙe yaro, ɗaya ya yi magana, domin ba za ki iya bin sa ƙarƙashin tebur kina kuma sauraron likita ba. In Turanci ko Tuwi, harshen Asantawa, bai kama bakinki sosai ba, ki zaɓi wanda zai fassara maganarki yadda kika faɗe ta, ba wanda zai rage mata gishiri don ganin girman likita ba. In Malam zai samu hali ya ajiye aiki ya raka ki, ya fi. Abin yana min ciwo in faɗa, amma na ga yadda ake sauraron uba a kan maganar da uwa ta yi ta maimaitawa ba a ji ba. Ki sa wa yaron abincin da ya yarda da shi a jaka, da abin wasan da yake riƙewa, ki gaya wa nas tun a wurin awon zafin jiki cewa ba ya jure jira da hayaniya. Wata za ta taimaka ta shigar da ku da wuri.

Yanzu ga maganganun da za a tare ki da su.

In aka ce maza ba sa saurin magana, ki amsa cikin ladabi cewa ba maganar kaɗai ta dame ki ba. Yaron da bakinsa ne kawai ya yi nauyi yakan nuna abu da yatsa, yakan kawo miki abin wasa ki gani, yakan dubi fuskarki in ya yi abin dariya. Naki kuwa hannunki yake ja ya ɗora a kan randa ba tare da ya kalle ki ba. Kuma ai otizim ɗin ma a maza aka fi gano shi, kusan ninki huɗu a kan mata, saboda haka kasancewarsa namiji dalili ne na a duba.

In aka ce harsuna ne suka yi masa yawa, wannan ita ce wadda aka fi jefa mana mu mutanen Zango. Hausa a gida, Tuwi a layi, Turanci a makaranta, Larabci a makarantar allo. Amma duk yaran gidanku haka suka tashi, kuma bakinsu ya buɗe. Jin harshe fiye da ɗaya ba ya jawo otizim. Kada ki yarda a sa ki daina yi wa ɗanki Hausa ki koma Turancin da ba ki sake da shi ba. Harshen da kike lallashi da shi, kike waƙa da shi, shi ne ya fi amfanarsa.

In aka ce waya ce da talabijin, ki ce za ki rage, kuma ki rage ɗin, domin yana da kyau. Amma ki roƙa a rubuta gwajin yau, ba sai an jira a ga sakamakon rage wayar ba.

In kuwa aka ce kin shagwaɓa shi ne, ko aka tambaye ki "ke ce likitan ko ni?", ranki zai ɓaci, kuma kina da gaskiya. Tarbiyya ba ta jawo otizim. Ki haɗiye, ki yi ƙasa da murya, ki koma kan abin da ya kawo ki: "Dokta, ni ban san aikinku ba, amma na san yaron nan dare da rana. Don Allah a rubuta a fayil cewa na kawo ƙorafin ba ya amsa sunansa kuma ya daina magana, a rubuta abin da aka yanke." Wannan roƙo yana da ƙarfi, domin abin da aka rubuta wani likita zai karanta shi gobe, kuma ba kowa ke son sa hannu a kan "babu komai" ba. Sai ki bi da tambaya biyu: in ba otizim ba ne, mene ne, kuma wane gwaji zai nuna? In jira za mu yi, zuwa wane wata, kuma me za mu gani mu san jiran ya isa?

Gwajin ji shi ne ƙofa mafi sauƙin buɗewa. Babu likitan da zai iya cewa duba kunnen yaron da ba ya magana ɓata lokaci ne, kuma dole ne a yi shi ko da kin tabbata yana jin ƙarar ledar biskit daga ɗaki na uku. In sakamako ya nuna kunne lafiya, kin samu takarda ta farko, kuma tambayar ta koma kan likita.

Ki sani sau da yawa wanda kika fara gani a ƙaramin asibiti ba likitan yara ba ne, wani lokaci mataimakin likita ne. Ba raini ba ne ki nemi a tura ki gaba. A Kumasi manyan ƙwararrun yara suna asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, a Accra kuma Korle Bu. In da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, za ki je, ki karɓi takardar turawa daga ƙaramin asibiti, ki duba katin bai mutu ba, ki kuma tambayi abin da za ki biya daga aljihu tun kafin ranar. Haƙƙinki ne: kundin haƙƙin marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Ghana, wanda ake liƙawa a bangon asibitoci, ya ce majiyyaci yana da damar samun cikakken bayani a kan halin da yake ciki, da damar jin ra'ayin likita na biyu in ya so. Ba sai kin yi faɗa ba. In an hana ki takarda, ki yi godiya ki fita, ki dawo ranar wani likita ko ki canza asibiti. In an ci mutuncinki, ofishin shugaban asibitin ne matakin farko, sannan Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana, wadda ke karɓar ƙorafi a kan likitoci. Ki rubuta rana da abin da aka faɗa tun kina tuna shi.

Ba a gano otizim da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Ƙwararre yana gano shi ne ta kallon yaro da sauraron tarihinsa daga bakin iyaye, shi ya sa bidiyonki da takardarki suke cikin aikin kansa. Kuma ba sai an gama sa wa abin suna za a fara taimako ba. Masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasar nan, layinsu dogo ne, ki sa sunansa tun yanzu.

A gida za a ce miki aljanu ne, ko sammu, ko kakansa ma sai da ya girma ya yi magana. Ni ban taɓa barin addu'a ba, kuma ba zan ce ki bari ba. Ki yi addu'arki ki riƙe ranar asibitinki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗaure yaro, ko a doke shi, ko a tura masa hayaƙi da sunan magani. Wasu kuma za su ce allurar rigakafi ce. Binciken da ya haifar da wannan zance a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma aka soke lasisin likitan. Ki ci gaba da kai shi awo.

Bayan an tabbatar da lalurar akwai wani sabon raini da ba a gaya mana ba, kuma ya fi na farko haɗari. Da zarar kalmar ta shiga fayil, komai sai a jingina mata. Yaro ya kwana yana kuka yana buga kai, a ce ai halinsu ne. Amma yaron da ba ya magana ba zai ce miki haƙori ke ciwo ba, ko kunne, ko ciki ya ɗaure. Ɗana in bayan gida ya yi masa wuya, cizon hannunsa yake yi. Duk lokacin da hali ya canza farat ɗaya, ki ce: "Dokta, wannan ba halinsa ba ne na kullum. A duba shi kamar yadda za a duba yaron da ya ce yana jin ciwo." Ki nemi a leƙa baki da kunne, a taɓa ciki, a yi gwajin zazzaɓi da na fitsari. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikin yaran nan fiye da sauran yara, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. In yana ƙamewa ya zuba ido na ɗan lokaci, ki taɓa shi bai motsa ba, ki ɗauki bidiyo ki kai.

In aka rubuta masa magani, musamman irin risperidone da ake bayarwa don tsananin fushi da jin wa kai rauni, ki tambaya wace alama ake nufi da shi, yaushe za a sake dubawa, kuma me za ki lura da shi. Yana iya sa barci da ƙiba, kuma ba ya warkar da otizim, babu ƙwayar da ke yin haka. Ki sa a rubuta miki adadin da lokacin sha a takarda, ki riƙa auna nauyinsa, kuma kada ki tsayar da maganin da kanki ba tare da kin koma wurin wanda ya rubuta ba.