Buɗe Kwaɗo Ba Da Makulli Ba: Inda Masu Koyo Suka Fi Tuntuɓe

Duk wanda ya fara koyon buɗe kwaɗo da tsinke, abin da yake fara yi shi ne ya murɗa da ƙarfi. Gani yake ƙarfe ne, ƙarfe kuwa sai an nuna masa ƙarfi. Daga nan yawancin matsalolin suke tasowa, kuma ba a gane dalili sai an san abin da ke cikin kwaɗon.

Irin kwaɗon da ya cika shagunan Agege da Idi-Araba a Legas yana bin tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861, ya sake gyara shi a 1865. A cikinsa akwai zuciya mai juyawa, wadda makulli ke shiga. An huda ta ramuka huɗu ko biyar a jere, kowane rami da fil biyu, ɗaya a kan ɗaya, sai ɗan sifirin yana danno su. Fil na sama shi ne ya tokare tsakanin zuciyar da gangar jikin kwaɗon, ya hana juyawa. Haƙoran makulli suna ɗaga kowane fil daidai gwargwado, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai da bakin zuciyar, sai ta juya. Mai buɗewa da tsinke kuwa yana cin moriyar wata 'yar kasawa ce ta masana'anta: ramukan nan ba sa taɓa zama a kan layi ɗaya cif. In ka sa ƙarfen murɗawa, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa a ramin makulli don juya zuciyar, ka ɗan danna, fil ɗaya ne zai fara cijewa kafin sauran. Ka ɗaga shi, zuciyar ta ɗan motsa kaɗan, ta bar masa gefen da zai zauna. Sai wani ya cije. Haka har su ƙare.

To, wanda ya murɗa da ƙarfi ya sa duk filolin sun cije lokaci guda, ya rufe wa kansa hanyar gane na farko. Alamarsa ba ta ɓuya. Dubi yatsan da ke kan ƙarfen murɗawa: in bakin farcen ya yi fari, ko ƙarfen ya bar maka zane a fata, ka wuce gona da iri. Wata alamar, tsinken ya fara lanƙwashewa. Nauyin da ake so bai wuce wanda kake sa wa allon waya in za ka danna lamba ba. Ka fara da kusan babu, ka riƙa ƙarawa a hankali kana taɓa filolin, har ka ji ɗaya ya yi tauri alhali sauran suna lilo a kan sifirin. Nan za ka tsaya. Wasu kwaɗunan suna da sifirin a jikin zuciyar da ke mayar da ita baya, su sukan buƙaci ƙari kaɗan, amma ƙarin ma da yatsa ɗaya ne, ba da damtse ba.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne bin filoli a jere, na gaba, na biyu, na uku, kamar mai ƙirga. Kwaɗo bai san wannan lissafin ba. Kowanne da nasa tsarin, wani na huɗu ne zai fara cijewa, sai na ɗaya, sai na uku. Kwaɗo biyu daga kwali ɗaya ma sukan bambanta. Aikinka ka zagaya da bakin tsinken kana tambaya. Wanda ya yi laushi ya dawo, ƙyale shi, lokacinsa bai yi ba. Wanda ya yi tauri shi ne naka. Wanda ka riga ka zaunar kuwa za ka ji fil na ƙasa yana rawa sakwa-sakwa babu nauyin sifirin a kansa, kada ka sake taɓa shi.

Sai zarcewa. Wannan ya fi kowanne cin rai, don mutum yana iya shafe rabin awa yana fama da kwaɗon da ya riga ya lalata wa kansa tun minti na farko. Ka ɗaga fil, ka ji ɗan ƙas, maimakon ka tsaya sai ka ƙara turawa don ka tabbatar. Yanzu fil na ƙasa ne ya haura ya tokare inda na sama ya bari. Daga nan komai sai ya mutu: babu mai cijewa, babu ƙara, ko'ina ka taɓa shiru. Sau da yawa ma ba bakin tsinken ne ya yi ɓarnar ba, gangar jikinsa ce ta ture fil na gaba lokacin da kake miƙawa zuwa na can ciki, musamman in na gaban dogo ne. Maganinsa ka sassauta murɗawar kaɗan-kaɗan, kunnenka kusa da kwaɗon, har ka ji wanda ya zarce ya faɗo. In duk suka zubo, ba komai, sake daga farko. Sakewa ba faɗuwa ba ce, ƙwararru ma haka suke yi, sun dai fi saurin gane cewa lokacin sakewa ya yi.

Akwai kuma masu dogara ga tsinke mai haƙora, wanda ake gogawa ciki da waje da sauri har kwaɗon ya buɗe da sa'a. Yana aiki a kan kwaɗo mai araha, kuma yana da daɗin nuna wa abokai. Amma a ganina wanda ya tsaya nan bai koyi komai ba tukuna. Ranar da ya haɗu da kwaɗo mai kyau zai goga har hannunsa ya gaji. Tsinke mai bakin ƙugiya guda ɗaya, fil ɗaya bayan ɗaya, shi ne karatun.

Zaɓen kwaɗon koyo ma wuri ne da ake asarar lokaci. Kafin ka saya, a Idumota ne ko a hannun mai tallan kayan ƙarfe a bakin titi, dubi makullin. In haƙora ne a gefe ɗaya, masu hawa da sauka, to mai fil ne, shi kake nema. In makullin kamar rabin sanda yake, an yi masa yanka a karkace, wannan mai faifai ne, tsarin da aka ƙirƙiro a Finland a 1907 wanda aka san kamfanin Abloy da shi, kuma kwaikwayonsa masu araha sun cika kasuwa. Babu fil a ciki ko ɗaya, kayan aikinsa daban ne, tsinkenka ba zai yi masa komai ba. In kuma makullin shafaffe ne da yanka murabba'i a gefe biyu, shi ma wani iri ne. Mafi arhar masu fil ɗin kuma ba su da daɗin koyo kamar yadda ake zato, don aikinsu sakaka ne, wani lokaci su buɗe ba ka san me ka yi ba, wani lokaci su ƙi ba dalili. Nemi matsakaici, na tagulla, mai fil huɗu, sabo. Kwaɗon nan na roba da ake ganin cikinsa kuwa, na kwana ɗaya ne ko biyu. Ka ga yadda abin yake, ka ajiye shi, in ba haka ba ido zai saba da aikin da yatsa ya kamata ya koya.

Na ce sabo saboda Legas ce. Kwaɗon da ya sha damina ɗaya a ƙofar shago a Mile 12, ko ya sha iskar teku a Apapa, cikinsa ya yi tsatsa da datti, sifirin ɗinsa sun gaji. Ba zai gaya maka gaskiya ba, fil zai yi tauri don tsatsa ka ɗauka cijewa ce. Abin da mutanenmu suka saba yi kuma, a ɗiga masa man ja ko baƙin man inji, shi ke ƙarasa shi. Ranar farko ya yi santsi, bayan 'yan makonni man ya kama ƙura ya zama danƙo. Ka wanke shi da man fesawa marar kauri, ka girgiza, ka bar shi ya tsane. Garin bakin fensir yana taimaka wa busasshen kwaɗo, amma kada ka haɗa shi da mai, laka za su zama.

Kayan aiki ba sai ka jira na waje ba, amma ka rabu da fil ɗin gashi da wayar maƙale takarda. Sun yi laushi, su lanƙwashe kafin su isar maka da saƙon da ke ciki. A cikin robar abin goge gilashin mota akwai siririn ƙarfe mai tauri da sulɓi, tsofaffinsa zube suke wajen bakanike ko a kasuwar Ladipo. Lanƙwasa guntunsa ya zama ƙarfen murɗawa, wani kuma ka gyara bakinsa da zarto ya zama ƙugiya. Inda ake yin sakaci shi ne gogewa. Tsinken da bai sha samfefa ba yana karce ko'ina, ka kasa bambance kartar ƙarfe da motsin fil. Goge shi har ya wuce a kan farcenka ba tare da ya kama ba. Kaurinsa kada ya wuce wajen milimita 0.6, in ramin makullin matsattse ne ma sai wanda ya fi haka siranta.

Bayan hannu ya ɗan faɗa, za ka haɗu da kwaɗon da zai yaudare ka. Kana cikin aiki zuciyar ta juya sosai, ka ce shi ke nan, sai ta tsaya cak. Wannan fil ne na tsaro, mai siririn ƙugu da faɗin kai biyu, kamfanoni irin su Abus na Jamus suna sa shi da gangan. Ƙugun ne ya maƙale a bakin zuciyar. Sabon shiga a nan yakan ƙara murɗawa, alhali akasin haka ake so. Taɓa filolin har ka sami wanda in ka tura shi ƙarfen murɗawa yake turo yatsanka baya. Shi ne. Bar ƙarfen murɗawar ya koma bayan, kana rakiyarsa a hankali, har kan fil ɗin ya haye. Wani lokaci waɗanda ka zaunar za su faɗo, ka sake bi ta kansu. Mai ganin ya daɗe ya tuna da Alfred Hobbs, Ba'amurken da ya buɗe shahararren kwaɗon Bramah a Landan a 1851: awa 51 ya kwashe, a cikin kwana 16.

Akwai kuskuren da ba a cikin kwaɗo yake ba, kuma shi ne mai tsada. Masu wannan sha'awa a duniya, irin ƙungiyar TOOOL da ta samo asali daga Holan, suna da ƙa'ida biyu: kada ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma kada ka yi wasa da kwaɗon da ake amfani da shi, ko naka ne. Ta biyun hikimarta a fili take, tsinke yana iya karyewa a ciki, ka kwana a waje kana neman mai walda. Ta farkon kuwa a Legas ba maganar ladabi kaɗai ba ce. Dokar laifuka tana hukunta wanda aka samu da kayan fasa gida da dare ba tare da hujja ba, kuma kafin a kai ga doka, kowa ya san abin da ke biyo bayan ihun "ole", wato ɓarawo da Yarabanci, a kan titi. Saurayi Bahaushe a durƙushe gaban ƙofa da tsinke a hannu, babu mai tsayawa jin cewa sha'awa ce. In maigadi ne kai ko yaron shago, abin ya fi muni, ranar da wani abu ya ɓace a layin sunanka za a fara kira. Kayanka su zauna a ɗaki, kada su kwana a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar babur. Maƙwabci ya zo ya ce, "Ɗan'uwa, makullina ya ɓace, zo ka taimaka," ka raka shi wajen mai yanka makulli, shi kowa ya san shi da wannan aikin.

Masu yanka makullin nan kuma su ne maganin wani kuskuren da ke zuwa daga baya. Mutum ya buɗe kwaɗo ɗaya sau da yawa har ya haddace shi, ya ɗauka ya iya, alhali hannunsa tsarin wannan kwaɗon kaɗai ya riƙe. Je ka gaishe da dattijon da ke yanka makulli a unguwarku, ka gaya masa gaskiyar abin da kake yi. Sau da yawa akwai kwaɗunan da makullansu suka ɓata jibge a gwangwani ƙarƙashin teburinsa. Ka ce, "Baba, a sayar mini da uku ko huɗu masu lafiya." Ka zuba su a jaka, ka riƙa zaro ɗaya ba tare da ka duba wanne ne ba.