Yadda zaka rubuta wasan kwaikwayon sauti na almarar kimiyya da zai kama mai sauraro

Kunne baya ganin kumbo, wannan shine abu na farko da ya kamata ka sa a ranka. Duk yadda ka kai ga tsara jirginka na sararin samaniya, da fitilu da maɓallai da tagogi masu kallon taurari, wadda ta sa iyafis tana wanke-wanke ko wanda yake bayan adaidaita a cunkoson Sabon Gari ba abinda zai iso masa sai murya da ƙara da shiru. Masu fim suna da hoton da zasu ɓoye raunin labari a bayansa, kai baka da shi. Toh in muryar nan bata da abinda ke cin ta a rai, minti biyu yayi yawa an danna gaba.

Don haka kar ka fara da duniyar, fara da mutum ɗaya. Na ga masu rubutu da yawa sai sun cika shafi goma da tarihin yaƙin duniyoyi da sunayen sarakunan taurari, amma ka tambaye su me jarumar take so yau da safe sai a fara inda-inda. Ɗauki takarda ka amsa: me take nema, me take ɓoyewa, kuma wa take jin nauyinsa. Shikenan, sauran zai biyo baya.

Bari in baka misali da zamu yi aiki da shi. Ace Hajara ce, injiniyar ruwa a wani sansani a duniyar Mars, 'yar Gusau, ta tafi ne bayan an fasa aurenta kuma ta cewa kowa aiki ne ya kai ta. Yanzu sai ka nemo gaskiyar kimiyya guda ɗaya ka matse ta da ita. Saƙo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke a zagayensu, wato babu maganar kiran waya ayi hira, sai dai ka aika ka zauna jira. Kaga wannan kaɗai ya baka wasa guda. Mahaifiyarta ta turo saƙon murya:

"Hajara, kin tashi lafiya? Ya aikin? Babanku dai jikin da sauƙi, kar ki sa damuwa... an dai ce a kwana biyu a asibitin."

Ita kuma ta danna ta fara, "Inna ina wuni, wane asibitin, tun yaushe, me yasa ba wanda ya..." sai ta tsaya ta goge, ta sake ɗauka da murya a kwance, "Inna ina wuni, Allah ya ƙara sauƙi, a gaida Baba." Daga nan sai jira na minti arba'in da wani abu kafin amsa ta dawo, ga famfon tace ruwa yana wata ƙara da bai saba yi ba kuma ita kaɗai ta san gyaransa. Ba wanda ya tsaya yayi lacca akan nisan Mars amma mai sauraro ya ji nisan a ƙirjinsa, ya kuma gane wace irin mace ce Hajara daga saƙon da ta goge.

Irin waɗannan gaskiyar suna nan birjik in ka bincika. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya duk wajen minti 90, waɗanda ke ciki suna ganin fitowar rana kusan sau 16 a yini. A 2007 da ɗan sama jannatin Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor ya je can a ƙarshen Ramadan sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka fitar masa da jagora akan alƙibla da lokutan sallah da azumi, aka ce ya bi lokacin inda aka harba kumbon. Yanzu ka ɗauki dattijo mai tsantseni da wani yaro mai taurin kai ka haɗa su a ɗaki ɗaya suna gardamar ko magariba tayi, wallahi ya fi min harbe-harben bindigar haske sau dubu.

Sai maganar muryoyi, kuma anan ne mafi yawan sababbi suke faɗuwa. Kar ka wuce mutum uku ko huɗu a fitowa ɗaya, kuma kar ka haɗa samari biyu masu murya iri ɗaya, mai sauraro zai rikice ya rasa wa ke magana. Ka bambanta su tun a rubutu ba sai wajen ɗauka ba: wannan Basakkwace ne da "mi kaka so" ɗinsa, wannan Bakaniya ce mai saurin baki, wancan baya ƙarasa jimla, wancan komai sai ya ce "ranka ya daɗe" ko da zagi yake shirin yi. A rinƙa kiran suna a farkon fitowa yadda muke yi a zahiri, Yaya, Malam, Hajiya, Oga. Gwaji mai sauƙi, rufe sunayen da hannu ka karanta layukan, in baka gane mai magana ba toh koma ka gyara.

In akwai kwamfuta mai magana ko mutum-mutumi a labarin, dan Allah kar ka bashi muryar nan ta ƙarfe mara rai yana karanto lambobi. Shima bashi hali. Ace an horar da shi ne kar ya tayar da hankalin ma'aikata, don haka ya koyi kwana-kwana, Hajara tana tambayarsa ruwan kwana nawa ya rage yana ce mata ta samu ta ɗan huta tukunna.

Ka kiyayi jarumi mai bayyana abinda yake gani, irin "kai ga wani ƙaton dodo kore mai ido uku yana tahowa ta hagu". Ba mai magana haka in yana cikin tsoro. Bari numfashi da takun ƙafa da ƙofar da ta ƙi rufuwa su yi aikin. Shiru ma kayan aiki ne. A shirin The War of the Worlds da Orson Welles ya gabatar a gidan rediyon CBS a Amurka ranar 30 ga Oktoba 1938, an tsara shi kamar labarai da ɗumi-ɗuminsu, kuma wurin da ya fi tada tsigar jiki shine inda ɗan rahoto yake tsaka da bayani mutane na ihu a bayansa kawai sai layin ya ɗauke ɗif. Kuma ka tuna sauti baya tafiya a sararin da babu iska, in jaruminka ya fita wajen kumbo ba abinda zamu ji sai numfashinsa cikin hular da muryar da ke zuwa masa ta rediyo, wannan kuwa riba ce gare ka.

Wajen ɗauka ba sai ka kama situdiyo ba. Waya mai kyau ta isa, a ɗaki mai katifa da labule saboda amsa-kuwwa, a kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya mutu. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita zaka yanka ka jera ka sa ƙarar injin a ƙasa can yadda ba zata danne magana ba. Nisa daga makirufo shine kyamararka: wanda ya matso yana raɗa yana gaya mana sirrinsa ne, wanda ya ja baya ya tafi ƙarshen ɗaki. In da hali ka tara 'yan wasan wuri ɗaya su rinƙa katse juna, ɗaukar kowa daban a haɗa daga baya tana fitowa a sandare.

Kashi na farko ka tsaya a minti 10 zuwa 15 saboda data da kuma tura shi a WhatsApp ko Telegram, shafi ɗaya na hira yana cin wajen minti ɗaya ne. Kafin ka saki, kunna wa wanda bai karanta rubutun ba, kar ka yi masa bayanin komai, in ya ƙare ka tambaye shi me Hajara take tsoro. In amsarsa akan famfo ce kawai bai ambaci Baba ba, koma kan fitowar saƙon muryar nan ka ƙara mata daƙiƙa biyar na shiru kafin ta goge.