Yadda Ake Gyara Saitin Tsaro na Burauza a Waya da Kwamfuta

Yawancinmu yadda burauza ta zo a waya, haka muke amfani da ita har wayar ta tsufa. Ba mu taɓa leƙa saitinta ba, alhali ta nan muke shiga banki, mu cike fom na neman aiki, mu buɗe duk wani mahaɗi da aka turo mana a WhatsApp. Gyaran bai kai rabin sa'a ba, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Zan yi bayani a kan Chrome, tunda ita ce a kan kusan kowace wayar Android, sannan in taɓo Firefox da Edge da Opera Mini. Sunayen maɓallan na bar su yadda suke a rubuce a allon wayar, don kada a sha wahalar nema.

Mataki na 1: Sabunta burauzar tukuna

Kafin a taɓa kowane saiti, a fara da wannan. Masu kutse sukan shigo ne ta ɓarakar da aka gano a tsohuwar manhaja, kamfanin kuma yana toshe ɓarakar ne ta hanyar sabuntawa. A waya, ka buɗe Play Store, ka nemo Chrome, in ka ga Update ka danna. A kwamfuta, ka danna ɗigo ukun nan na sama ta dama, ka shiga Help, sannan About Google Chrome. Da kanta za ta duba ta sauko da sabuwar, sai ka rufe ta ka sake buɗewa.

Da yawa sun kashe sabuntawa don tattalin data. Ba laifi a jira a samu Wi-Fi ko garaɓasar dare, amma kada jiran ya zama watanni. Masu kwamfutar gwanjo kuma su lura: Chrome 109, wadda ta fito a farkon 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8.1. Duk wanda ke kan waɗannan, Chrome ɗinsa ta daina samun gyara tun lokacin, babu saitin da zai cike wannan giɓi. Irin wannan kwamfuta ba ta shiga banki ba ce.

Mataki na 2: Ɗaga matakin Safe Browsing

Ka shiga Settings, sai Privacy and security, sai Safe Browsing. A kwamfuta yana ƙarƙashin Security. Zaɓi uku ne: Enhanced protection, Standard protection da No protection. Wannan tsari shi ne yake fito maka da jan shafi na gargaɗi idan za ka shiga shafin damfara ko za ka sauko da fayil mai cutarwa.

A da, na tsakiyar yana dogara ne da jerin munanan shafuka da ake aje wa a na'urarka, ana sabunta shi duk bayan minti 30 zuwa 60. A 2024 Google ta bayyana cewa yawancin shafukan damfara ba sa kai minti 10 a raye, wato kafin sunansu ya shiga jerin sun gama ɓarna sun ɓace, shi ya sa ta soma duba shafuka nan take. Enhanced, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya fi zurfafawa: yana iya zargin shafin da ba a taɓa kai ƙararsa ba, yana kuma binciken abin da ka sauko da shi. Amma yana da farashi. Adireshin shafukan da kake shiga da ɗan samfurin abin da ke cikinsu suna tafiya wurin Google. A ganina, ga wanda ke yawan buɗe mahaɗan da ake yaɗawa a zauruka, ko wayar iyaye da yara ke ɗauka, Enhanced ya fi. Wanda sirrinsa ya fi damunsa ya tsaya a Standard. Na ukun dai kada a kusance shi, ko da wani shafi ya ce sai an kashe kariya zai buɗe. Wannan buƙatar ma kaɗai ta isa shaida.

Mataki na 3: Kunna Always use secure connections

Yana nan a wuri guda da Safe Browsing. Idan ka kunna shi, burauzar za ta riƙa neman shiga kowane shafi ta https, hanyar da ke kulle bayanai tsakaninka da shafin, ta kuma gargaɗe ka kafin ta buɗe wanda ba shi da ita. Amfaninsa ya fi fitowa a Wi-Fi na jama'a, kamar na otal ko makaranta ko filin jirgi.

Sai dai akwai rashin fahimtar da ta daɗe. An koya wa mutane cewa in sun ga hoton kwaɗo kusa da adireshi, shafin amintacce ne. Ba haka ba ne. Kwaɗon yana nufin hanyar a kulle take, bai ce komai game da halin mai shafin ba, ɗan damfara ma yana samun https kyauta. Wannan ruɗani ne ya sa Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023. Abin dubawa shi ne adireshin kansa, harafi bayan harafi. Shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa. Shafin da ya ce na rabon tallafin gwamnati ne amma ya ƙare da wani abu daban, yana kuma neman BVN da lambar katinka, ka rufe shi.

Mataki na 4: Rufe ƙofar sanarwa

Nan ne mafi yawan wayoyi suka lalace, don haka zan ɗan daɗe. Ka shiga wani shafi neman fim ko sakamakon ƙwallo, sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa ka danna Allow don tabbatar da kai ba mutum-mutumi ba ne, ko don bidiyon ya fara. Da ka danna, ka ba shafin izinin turo maka saƙo kowane lokaci, ko da ka rufe shi. Daga nan sai a fara: wayarka ta kamu da ƙwayoyin cuta goma sha uku, ka ci kyautar iPhone, ga hotunan da ba ka so iyalinka su gani a allonka. Mutum ya ɗauki waya ya kai wa mai gyara, a goge masa komai, a karɓi kuɗinsa, alhali wayar lafiyarta ƙalau. Izini ne ya bayar da hannunsa, kamar wanda ya miƙa wa baƙo makullin zaure.

Ka shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Za ka ga jerin shafukan da ka ba izini. Duk wanda ba ka gane ba, ka danna shi ka cire ko ka toshe. Bayan haka ka kashe tambayar gaba ɗaya, yadda babu shafin da zai sake roƙonka. Ba za ka rasa komai ba, domin sanarwar WhatsApp da ta banki daga manhajojinsu suke zuwa, ba daga burauza ba.

Tun kana nan, ka duba Location da Camera da Microphone. Ka bar su a kan a tambaye ka tukuna, ka kuma cire duk shafin da ba ka tuna dalilin ba shi izini ba. Pop-ups and redirects ya kasance a toshe.

Mataki na 5: Kukis na ɓangare na uku

Kukis ƙananan bayanai ne da shafi ke aje wa a na'urarka don ya tuna da kai. Na shafin da kake ciki suna da amfani. Na ɓangare na uku kuwa na kamfanonin talla ne da ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi. Ka nemi Third-party cookies ka toshe su. In wani shafi ya ƙi aiki, ana iya keɓe shi shi kaɗai.

Mataki na 6: Kalmomin sirri

Ka shiga Google Password Manager ka danna Checkup. Zai nuna maka kalmomin da suka fita a wata satar bayanai, da waɗanda ka maimaita, da masu rauni. Ka fara canza ta imel, domin ta nan ake sake saita sauran duka, ka kuma kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu. Aje kalmar sirri a burauza ba laifi ba ne matuƙar wayar tana da makulli na lamba ko zanen yatsa. A kwamfutar shagon intanet ko ta ofis kuwa, in ta tambaye ka ko ta aje, amsar a'a ce, kuma ka fita daga asusunka kafin ka tashi.

Incognito, wato tagar sirri ta burauza, yana taimakawa a irin wannan wuri, don ba ya barin tarihi a na'urar. Iyakarsa ke nan. Kamfanin layinka da mai Wi-Fi da shafin da ka shiga duk suna ganin zuwanka.

Mataki na 7: Ƙare-ƙare da fayilolin APK

A kwamfuta, ka rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Za ka ga ƙare-ƙare, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza. Duk ƙarin da ba kai ka saka ba, ko ka daina amfani da shi, ka cire. Wasunsu suna da izinin karanta duk abin da ke kowane shafi da ka buɗe. A waya kuma, ka shiga saitin wayar kanta, ka nemi Install unknown apps, ka hana burauzar izinin girka manhaja daga fayilolin APK, wato fayilolin girka manhajar Android. Ta wannan hanya jabun manhajojin bashi da WhatsApp na bogi suke shigowa.

Idan ba Chrome kake amfani da ita ba

A Firefox, Enhanced Tracking Protection yana kunne tun asali, kana iya ɗaga shi zuwa Strict, ka kuma kunna HTTPS-Only Mode. A Edge, ka tabbatar Microsoft Defender SmartScreen yana kunne, Tracking prevention kuma a kan Balanced ko Strict.

Opera Mini tana buƙatar bayani na musamman, tunda ana son ta saboda sauƙin data. A matakin tanadi mafi tsanani, shafin da ka nema yana fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin Opera, a matse shi, sannan a turo maka. Ma'ana kullewar ba daga wayarka kai tsaye zuwa shafin take ba, akwai mai shiga tsakani. Don karanta labarai wannan ba matsala ba ce. Harkar kuɗi kuwa, a yi ta a manhajar bankin ko a wata burauzar.

Da ka gama, ka koma Settings na Chrome ka danna Safety check. Zai duba sabuntawa da kalmomin sirri da Safe Browsing a lokaci guda, ya nuna maka in akwai abin da ka tsallake. Ka riƙa danna shi sau ɗaya a wata, da kuma duk lokacin da wayar ta dawo daga hannun mai gyara.